Sunan da Habi Ba Ta Faɗa

Wajen ƙarfe goma na safe ne, a ƙarshen damina, lokacin da hadari kan taso ya tsaya bisa garin Tawa ya ƙi zuba, sai zafi da gumi. Jibrilla ɗan kabu-kabu ya jingina motonsa, wato babur, a gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin lise, makarantar sakandare, ya share fuska da hannun riga. Ramla, ɗiyar yayarsa Habi, tana biye da shi. A gidansa take zaune tun da ta baro ƙauyensu can bayan Affala don karatu, kuma bana ta ci jarrabawar shiga lise.

Akwai wani tallafi da ake ba ƴan mata ƴaƴan talakawa, na abinci da littattafai da kayan lakwal, wato makaranta. Da shi Ramla ta yi karatunta na baya. In babu shi bana, Jibrilla ya san ba zai iya ba, ga mata ga yara ga tsadar mai. Sai dai yarinya ta koma ƙauye. Da can, takardar mai gari ake kaiwa, a bi ofis-ofis har takalmi ya cinye. Bana aka ce an huta, an haɗa na'urar lakwal da ta ofishin tallafi, su za su riƙa magana tsakaninsu. Jibrilla ya yi murna da jin haka. Sai ga kira daga diraktan lise.

Diraktan, Mushe Souleyman (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya juyo masa da fuskar ordinatar, wato kwamfuta, kamar Jibrilla zai karanta.

"Mun aika sunanta, ya dawo," in ji shi. "Sun ce babu ta."

"Babu ta ina, Mushe? Ga ta nan tsaye."

"Nan wurinmu akwai ta. Can wurinsu ne babu."

Jibrilla ya dubi Ramla, ya dubi na'urar. "To ku hwaɗa musu akwai ta mana."

"Mun hwaɗa. Tamu ta hwaɗa, tasu ta ce a'a. Ni iyakata ke nan, ba ni da hannu cikin tasu. Ka tahi can ka ji."

Suka hau moto suka ratsa ta bayan kasuwa, inda raƙuma suka tare hanya sai da suka jira. Ofishin tallafin ɗaki biyu ne da fanka mai kuka. Wadda ke zaune a ciki, Madam Salamatou, mace ce mai ƙiba da tabarau, ga dukkan alamu ta gaji tun safe. Ta tambayi sunan ƙauye da sunan uwa, ta daddanna.

"Ga gidan. Habi, mijinta ya rasu. Ɗiyanta Isufu, Kaltumi, Zakari. Shi ke nan."

"Da Ramla," in ji Jibrilla.

"Babu Ramla."

"Ita ce babba, Madam. Ni na riƙe ragon sunanta aka yanka."

"Kawu, ba a rubuta rago nan ba," ta ce, ba tare da faɗa ba. "Bara masu ƙidaya sun bi gida-gida. Abin da uwa ta ce da bakinta, shi suka sa. In ɗiyarta ce, mi ya hana ta hwaɗi?"

Zuciyar Jibrilla ta shiga kai da kawo. Ko masu ƙidaya ne suka tsallake? Ko na'urar ce ta haɗiye sunan a hanya, tunda an ce ta sama yake bi? Ya saci kallon Ramla, ya ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Har wani tunani mara kyau ya zo masa, ko akwai wani abu game da haihuwar yarinyar da ba a taɓa gaya masa ba. Ya yi a'uziyya a ransa.

Madam ta rubuta masa lambar wayarta. Ta ce gyara ɗaya ne, uwar ta faɗi sunan da bakinta, ko ta waya ce, ita kuma ta ɗauki muryar ta ajiye shaida. Kuma a yi shi yau ko gobe, don ana gab da rufe sunayen bana.

Hanyar Affala duwatsu ne da kwazazzabai. A wani kwari da ruwa ya cinye sai da suka sauka suka tura moto, nan maɗaurin takalmin Ramla ya tsinke, ta ƙarasa tana jan ƙafa. Ba su yi wata hira ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Kawu, in an ce babu ni, sakamakon jarrabawata ma babu shi?" Ya ce bai sani ba, don da gaske bai sani ba.

Azahar ta gota suka isa. Suka tarar da Habi a tsakar gida tana ɓarar wake a kan tabarma. Ta yi wa ƙanenta sannu da zuwa, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Ramla ta cire takalma a bakin zaure, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ina wuni, Yaya." Haka take kiranta tun tana ƙarama, don a ɗakin kakarta Inna ta tashi, Allah ya jiƙanta. Habi ta amsa tana duban wake.

Jibrilla ya sha ruwa, ya zauna, ya faɗi abin da ya kawo su.

"Yaya, da masu ƙidaya sunka zo, mi kinka ce musu?"

"Sun ce in lissafa ɗiyana da sunansu, na lissafa."

"Duka?"

"Waɗanda ake lissafawa."

"Ramla fa?"

Habi ta watsa ɓawon wake gefe. "Kai dai Jibrilla ba ka girma. Gaban baƙi maza, ga maƙwabta sun cika gida, in buɗe baki in kira waccan? Ai ta Inna ce."

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ɗiyar fari. Tun da aka haifi Ramla bai taɓa jin sunanta a bakin Habi ba, sai waccan, sai ƴar birni. Abu ne da ya sani kamar tafin hannunsa, kowa a ƙauyen haka yake yi, amma ko kusa bai kawo cewa kunya za ta iya bin waya ta shiga na'ura a Tawa ta zauna ba.

"Inna ta rasu, Yaya. Ba a ƙidaya ta ba, balle ɗiyarta. Yanzu yarinyar ga ba ta gidanki, ba ta gidan Inna, ba ta gidana."

"To su ba su da ɗiyan fari can birni? Ba sai su gane ba?"

"Ƙarfe ne, Yaya. Ƙarfe bai da ɗa."

Waya ba ta kamawa a cikin gida, sai an hau tudun bayan rumbuna. Can suka tafi su biyu, Habi tana tafe tana gunaguni, awaki suna binsu suna zaton dussa ce. Ramla ta tsaya daga ƙasa a inuwar rumbu. Jibrilla ya ɗaga waya sama yana juyi har ta kama, ya kira Madam, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Baiwar Allah," in ji Madam Salamatou daga cikin waya, "ki hwaɗi sunan babbar ɗiyarki."

Habi ta ja mayafi ta rufe baki. Wata akuya ta yi kuka.

"Allo? Ta tahi ne?"

"Tana nan, Madam," in ji Jibrilla. "Ɗiyar fari ce. Ba ta iyawa."

Can sai ya ji Madam ta yi wata ƴar dariya ta gajiya.

"Ikon Allah. Shi ya sa. Tun farkon sati nake mayar da yara, kuma duk wadda na tambaya sai ta ce ita ce babba a gidansu. Ni ma uwata har ta mutu ba ta kira ni ba." Ta gyara murya. "To Habi, bar suna. Isufu yana da ya, wadda ta girme shi?"

Habi ta ɗan sassauta mayafin. "Yana da."

"Ciki ɗaya?"

"Ciki ɗaya."

"Ita ce wadda ke karatu Tawa, gidan Jibrilla, wadda lakwal ta rubuta Ramla?"

Habi ta dubi gonaki can nesa, inda gero ya sunkuya.

"Ita ce," ta ce a hankali.

Suka ji ƙarar dannawa. Madam ta ce ta sa, gobe lakwal za ta gani, tallafin Ramla yana nan. Ta ce za ta rubuta wa manyanta a sake tambayar da masu ƙidaya ke yi, ko za su ji ko ba za su ji ba, wannan kuma sai Allah. Jibrilla ya so ya tambaya yadda aka yi na'ura ta yarda da suna alhali ba a faɗe shi ba, amma waya ta yanke, kuma ya ga gara ya bar abin haka kada ya tayar da shi.

Habi ta riga su sauka, ta wuce ta gaban Ramla ba ta dube ta ba. Ramla ta tsaya taya Kaltumi ɗaukar ruwa, Jibrilla ya je masallaci ya yi la'asar, ya gaisa da tsofaffi. Hadarin nan yana nan bai zuba ba, shi kuma yana son su wuce kwarin kafin ya sauko.

Da suka zo tafiya, Ramla ta je bakin zaure ɗaukar takalmanta. Ta tarar an ɗinke maɗaurin da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere, an goge ƙurar. Ta juya shi a hannu. Habi tana can kan tabarma ta ba su baya, tana ɓarar wake, allura soke a bakin zanenta.

Ramla ta zura ƙafa, ta taka, ya zauna daidai. Ta hau bayan moto, Jibrilla ya tayar.