Kifin da Inna ta yanke wa hukunci

Shekara biyu ina kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi a falona, nan unguwar Zariya. Huɗu masu ruwan ɗorawa, uku shuɗɗa masu zane, duk 'yan tafkin Malawi ne in ji wanda ya sayar mini. Masifaffu ne na ƙin ƙarawa. Sai da na jera musu duwatsu kowa ya kama raminsa sannan aka samu lafiya. Ni kuwa abu ɗaya nake jira, su haihu.

A watan jiya wata 'yar ɗorawa ta daina cin abinci, haɓarta ta kumbura. Na yi murna ƙwarai, don irin kifin nan uwa a baki take riƙe ƙwai, sati uku da yunwa, har su ƙyanƙyashe. Ko bayan ta sake su, in ta ga haɗari sai ta buɗe baki su ruga ciki su ɓuya.

Kwana biyu da ta fara sakin 'ya'yan, ina lakwal ina koyarwa, Kawu Ya'u ya zo daga Jiratawa duba yayarsa Inna Tasalla, wadda ta baro Tsibiri tana jinyar ƙafa a gidana. Ya zo da tsarabar karfasa masu rai a bokiti, daga kanal ɗin ban ruwan gonarsa.

Ina shiga falo warin taɓo ya tare ni. Ruwan da nake tacewa kamar na sha ya koma kamar na wankin gero. Wasu ƙattin karfasa biyu, toka-toka, masu yauƙi, suna ta ture duwatsu, shuɗɗan nan duk an yayyage musu wutsiya.

"Kawu, mi na na wanga?"

"Ke da bakinki kinka ce dangin karhwasa na," in ji shi, yana sakace. "To ga dangi na kawo musu. Kihi ba ya ƙin kihi."

Na fa taɓa faɗa, tsautsayi ya sa. Na durƙusa ina leƙen ramuka. Ɗorawa uku na gani.

"In waccan la'ananniyar kike biɗa, na hidda ta da matankaɗi," in ji Inna daga kan tabarma, tana yatsine fuska. "Da idona na gani, Balkisu. Baƙin nan na shiga, ta wangale baki ta haɗiye ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya. Tir! Hurar da ke hannuna kasa shanta na yi. Uwa ta ci ɗiyanta, kina ba ta abinci cikin ɗaki?"

"Inna, ina take?"

"Na ba kaji."

Na fita tsakar gida ko takalmi babu. A bakin makwarara na same ta, cikin ƙasa da kashin kaji, sun tsattsage cikin, ƙudaje sun taru. Kan ne kawai ya rage da kyau, bakin a rufe gam. Na ɗauka, na sa farce na buɗe a hankali. 'Ya'yan suna nan ciki a cunkushe, ƙanana kamar tsabar shinkafa, ba wanda ke motsi.

Inna ta ɗingiso da sandarta ta leƙa tafin hannuna, ta tofar da yawu gefe.

"To kin gani? Ga su nan. Don zari ko taunawa ba ta tsaya yi ba."