Masu Ba Fulawar Inna Ruwa

Mai gyaran agogo ba ya iya barin abu ya lalace bai san dalili ba, shi ya sa fulawar Inna ta tsaya masa a rai. Binka ce, mai fure ruwan hoda da ganye mai sheƙi, mahaifiyarsa ta bar ta a tsakar gida cikin tsohon bokitin fenti. Da Inna tana raye, sai ta tuna take ba ta ruwa, amma fure har ya rufe bakin bokitin. Tun da ta rasu ganyen ya koma rawaya, ya langaɓe.

Mai lambun da ya tambaya ya ce, "Ruwa ya yi mata yawa, saiwar ce ke ruɓewa. Sai ƙasar ta bushe ake ba ta."

Ya daina ba ta. Amma kullum in ya tsoma yatsa, ƙasar jagab. Wa ke shayar da ita? Rannan ya barbaɗa toka kewaye da bokitin kafin ya tafi shago. Da ya dawo ya tsuguna ya karanta sawu: silifas ɗin matarsa, ga takalmin ƙanwarsa mai tsini.

"Ni ɗan ruwan wanke kofi ne kawai, maigida," in ji matar.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ni tausayi ta ba ni. Na ɗauka matarka rowar ruwa take mata, yadda take mana ta nama."

Matar ta ce, "Ji bakinta! Ke da kike cin rabon mutum biyu?"

Suka yi dariya, suka yi alkawarin dainawa.

Sai dai akwai sawu na uku da bai ambata ba, ɗan rami zagayayye, na sandar Baba. Washegari ya laɓe a bakin taga, ya ga tsohon ya lallaɓo da buta, ya tsiyaye ta a bokitin yana magana ƙasa-ƙasa. Tun rasuwar Inna, wannan ne kaɗai ke fito da Baba daga ɗaki.

In ya faɗa masa, ya raba shi da abin da ke tayar da shi. In ya yi shiru, fulawar ta tafi. Ya wuni a shago yana juya maganar, har ya mayar da batirin wani agogo a kife.

Da yamma ya ja bokitin don ya ƙara masa huji a gindi. A bayansa, cikin tsagin siminti inda ruwan kowa ba ya kaiwa, ga 'yar binka ta tsiro daga irin da uwar ta zubar, ganyenta shar, har da fure ɗaya.

"Me kake kallo a nan?" in ji Baba daga ƙofa.

"Tururuwa ce, Baba."

Ya mayar da bokitin daidai inda zai kare 'yar binkar, ya ɗauki butar tsohon ya je ya cika masa.