Ɗakin Ƙurya a Gidan Haya

Ruwa na bi ta ƙarƙashin ƙofar gidan yana gangarowa titi lokacin da mai gidan, Baban Haya, ya iso da makullansa na ajiya. Telan da ke tsallaken titi ne ya kira shi.

"Tun shekaranjiya famfon ke zuba, Baba," in ji telan. "Matar nan da ka ba haya, tun ranar da aka faɗi sabuwar dokar nan a rediyo ban ƙara ganin ƙeyarta ba."

"Wace doka?"

"Ta masu safarar yara mana. Ɗaurin rai da rai, ba zancen tara. An ce har wanda ya ba su masauki."

"To ni meye haɗina da wannan?"

Telan ya koma kan keken ɗinkinsa.

Tsakar gidan ya zama tafki. Ƙananan silifas suna yawo a kan ruwan, babu biyu masu kama da juna. Ya kashe famfon, shiru ya rufe gidan har yana jin numfashinsa. Da ma matar da ya ba hayar ta ce masa atamfa take sayarwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk zuwan da ya yi gidan bai taɓa jin kukan yaro ba.

Falo wayam, har labule an cire. A ƙofar ɗakin ƙurya ya ga kwaɗon da ba nasa ba. Ya ɗauko guntun bulo ya fasa shi.

An toshe tagar da katako. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya gan su: yara huɗu a jere kan katifa, kayansu sababbi iri ɗaya, hannuwa a kan gwiwa. Babbar cikinsu ba ta wuce shekara bakwai ba. Ga ledojin biskit an lashe su fes, ga bokiti a lungu yana wari.

"Sannunku, 'yan jikokina. Ina mamanku?"

Ko ƙifta ido ba su yi ba. Hannunsa suke kallo, ba fuskarsa ba. Ya yar da bulon.

Ya fita tsakar gida ya kira matarsa a waya.

"Malam, gidan naka ne fa," ta ce. "Wa zai yarda ba ka sani ba? Ka bar musu ƙofa a buɗe ka taho. Wani zai tsince su."

Ya wangale ƙofar ɗakin, ya wangale ta waje. "Ku fito, ba wanda zai taɓa ku."

Suna nan yadda suke, kamar an dasa su. Ya je har bakin titi, ya tsaya, ya dawo. Sannan ya kira 'yan sanda.

Kafin su zo ya sayo burodi da ruwa ya ajiye a gabansu. Ba su taɓa ba sai da ya juya baya. Ko motsin taunarsu bai ji ba, amma da ya waiwayo babu ko ɓurɓushi.

'Yar sanda ce ta fara shigowa, ta naɗe ƙafar wandonta saboda ruwa. Ganin kakinta ke da wuya, yaran suka miƙe tsaye lokaci guda. Murmushi iri ɗaya ya bayyana a fuskokinsu. Ƙaramar ta tako ta kama yatsun Baban Haya, hannunta sanyi ƙalau.

'Yar sandan ta durƙusa. "Yara, wannan mutumin wane ne?"

"Babanmu ne," suka faɗa da murya ɗaya. "Za mu je gaida Kaka."

"Ranki ya daɗe, wallahi yau na fara ganinsu. Koya musu aka yi!"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa hannu. "Ba ni makullan nan, Baba. Mu je mota, ka yi bayani a ofis."

Ya yi ƙoƙarin zare yatsunsa a hankali. Yarinyar ta ƙara damƙewa, murmushin na nan, sai dai duk jikinta rawa yake yi. Ya sunkuya ya ɗauke ta, suka bi bayan 'yar sandan.