Yatsu Huɗu a Ƙasan Hoto

Malam Mika'ilu na Fassi mutum ne da ba ya rasa abin faɗa. Ko a zaman makoki ka same shi, sai ya nemo wanda zai tsokana. To amma ranar da jikarsa Afra'u ta dawo hutu daga jami'a ta miƙa masa waya, bakin nan mutuwa ya yi murus.

Yana zaune gindin darbejiya yana tufka igiyar shanun huɗa, ta zo ta durƙusa gefensa.

"Angona, ajiye igiyar nan ka ga wani abu."

"Idan kuɗin cefane ne, na sake ki tun jiya," in ji shi, yana laluben tabarau a aljihu.

Hoto ne baƙi da fari. Afra'u, wadda tarihi take karanta, ta tsinto shi ne a shafin wani gidan adana kayan tarihi na ƙasar Turawa. An rubuta cewa wani Bature ya ɗauka a shekarar 1956, bakin wata rijiya a ƙasar Rano. Wata matashiya ce zaune a ƙasa da ƙwarya a cinya, ta kau da fuska gefe. Kusa da ita ga wani yaro tsaye, ɗan shekara uku, da laya a wuya da tumbi a gaba. Abin da ya tsayar da Afra'u shi ne yadda matar ta yi kama da gwaggonta Sa'adiya, 'yar Malam ɗin ta biyu, kamar an tsaga kara. Kuma tun tana ƙarama take ji a gidan cewa Bature ya taɓa ɗaukar hoton mahaifiyar kakanta.

Malam Mika'ilu ya daɗe yana kallo. Adda yake ce wa mahaifiyarsa, kamar wata yayarsa, don shi ɗan fari ne, a ɗakin kakarsa ya tashi. Yana da shekara huɗu ta rasu wajen haihuwa. Shekara kusan saba'in ke nan yana neman fuskarta a ransa, abin da yake samu kawai ƙeyarta ce da bayanta tana fita daga ɗaki in ya shigo.

"Wannan rubutun na ƙasa fa, me ya ce?"

Afra'u ta yi ta kame-kame. Da ya matsa, ta fassara masa a hankali: "Wai matar makiyaya da ɗanta. Wai matan wannan jinsi ba su da shaƙuwa da 'ya'yansu, suna haihuwa su watsar wa tsofaffi, ko kallonsu ba sa yi."

Ya yi dariya, har da buga cinya. "Ji jahilci. Kunyar ɗan fari ce bai sani ba. Wace uwa ce mai tarbiyya za ta kalli ɗanta na fari a gaban mutane, balle ta kama sunansa? Kakarki ma haka ta yi wa ubanki."

Haka ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da aka kawo tuwo, loma biyu ya yi ya ture kwano. Ai sanin al'ada a ka daban, abin da zuciya ta yarda da shi daban. Sauran 'ya'yan fari suna girma su gane da kansu: su tarar da tsoka a ɓoye ƙarƙashin tuwo, su ji ana tambayar lafiyarsu ta bakin wani. Shi bai kai nan ba mutuwa ta ɗauke Adda. Tambayar da ya binne tun yana yaro, wadda ko matarsa bai taɓa gaya wa ba, ita ce wani baƙo ya zo ya amsa da tawada, duniya tana karantawa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Washegari da hantsi ya sa babbar riga, ya ce Afra'u ta ɗauko wayar. Suka tari a-daidaita-sahu zuwa Nariya, gidan Inna Lami, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta ba shi shekara tara kacal. A duniya ita kaɗai ta rage da ta san Adda da ido.

Suka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idon ya yi rauni. Malam ya tuɓe takalma ya durƙusa, da furfurarsa da komai. Da Afra'u ta kwatanta mata hoton, tsohuwa ta saki gyaɗar.

"Allah Sarki, Salamatu. Ashe abin nan yana nan? Ai ina wurin. Ni na goyo ka zuwa rijiyar."

Ta gyara zama. Ranar, in ji ta, Salamatu ta ci ado, don sabuwar langa mai fure aka sayo mata a kasuwar Rano, da takalman roba jajaye. Sai ga Bature da tafintansa da akwatin hoto mai ƙafa uku. Ya dubi langa ya girgiza kai, wai ba irin wannan yake so ba. Aka aro tsohuwar ƙwarya wurin wata mai tallan nono aka ɗora mata a cinya. Takalman ma ya ce a cire, aka ɓoye su bayan kwatarniya.

"Ta ji haushin takalman nan, har muka koma gida tana mita," in ji Inna Lami, tana dariya. "Shi mutumin da hotonsa ya zo a kansa, mu dai cika masa muka yi. Daga nan sai ya ce ta rungume ka ta dubi fuskarka. A gaban wa? Surukinta, Arɗo Gwadabe, yana tsaye da maza sun fi goma suna shayar da shanu. Ta kau da kai. Tafinta ya yi magana, ya sake yi, ko motsi. Bature ya yi tsaki ya ɗauka a haka."

Malam Mika'ilu ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓawon gyaɗa. Can ya ce, da wata murya da Afra'u ba ta san shi da ita ba, "Inna, don Allah zan tambaye ki, kada ki rufe ni. Ta so ni kuwa?"

Tsohuwa ta juyo da fuska wajensa. "Kai dai ka tsufa da wautarka, Mika'ilu. Ke 'yar nan, abin naku yana ƙara girma, ko? Ja shi ƙasa, wajen ƙafar yaron ta hagu."

Afra'u ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton. Ƙwarya ta wuce, gwiwa ta wuce, sai gefen zane da ya sauka har ƙasa. A nan, daidai inda zanen ya taɓa ƙafar yaron, ga yatsu huɗu sun leƙo daga ƙarƙashi, sun zagaye idon sawunsa gam. Sau nawa Afra'u ta kalli hoton nan ba ta gan su ba.

"Rijiyar ba ta da murfi, kai kuma ga ƙiriniya," in ji Inna Lami. "Tun da ta zauna har Bature ya naɗe kayansa ba ta sake ka ba. Sai da shatin yatsunta ya fito maka. Da muka kamo hanya muka shiga cikin dawa, ta waiga ba kowa, ta kwance ka daga bayana ta goya. Kullum haka take yi. Sai mun hango gida take mayar mini da kai."

Malam ya karɓi wayar da hannu biyu ya kawo ta dab da tabarau. Hawaye ya bi gemu, bai share ba. Ɗaya hannun ya sauka da kansa ya kama idon sawunsa na hagu.

Sai da aka jima Afra'u ta ce, "Kaka, shafin yana da wurin da ake aika gyara. Me zan rubuta musu?"

"Rubuta sunanta. Salamatu 'yar Bello, ta Fassi. Ki ce ƙwaryar ba tata ba ce, kuma tana da takalma."

"Yaron fa? In sa Mika'ilu?"

Ya dubi fuskar da ta kau gefe.

"A'a. Ba a faɗar sunan nan a gabanta, kada ki ba ta kunya. Ki ce ɗanta ne na fari. Ki ce su duba ƙasa, tana riƙe da shi."