Lambar Gidan Don Froilan

"Sauko daga kan tsanin nan, ko ni in sauko da kai!"

Na bar kaskon mai a wuta na fito da gudu, hannuna duk kwaɓin fulawa. Don Froilan ne, maƙwabcinmu na jikin katanga, tsaye a ƙofar gidansa daga shi sai singileti da silifa, ya kama ƙafar tsani da hannu biyu yana jijjigawa. Ma'aikacin kamfanin waya kuwa yana can sama ya rungume falwaya.

"Baba, ka dubi Allah ka saki! Igiyar nan ta mutu tun sati biyu. Sau uku ke nan ɓarayi suna kwashe jan ƙarfen daga gindin tudu. Kamfani ya ce ba zai sake ja ba."

"Kamfanin ya ci gidansu! Shekara arba'in da ɗaya lambar nan tana gidan nan. An haife ka ma a lokacin?"

Mijina Osvaldo ya leƙo ta taga da kofin shayi a hannu ya ce, "Don Froilan, bar shi ya yanke. Ai ko karen unguwa yanzu yana da wayar hannu." Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya juyo ya dube shi, sai Osvaldo ya ja kansa ciki.

Ni na ɓamɓare yatsunsa daga jikin tsanin. Shekararsa tamanin da ɗaya, amma aikin dako da ya yi a tashar jiragen ruwa ta garinmu Valparaiso bai bar hannun nan ya saki ba. Da ma'aikacin ya sauko ya huce, sai ya ce, "Ai ba sai an yi faɗa ba. In lambar ce kake ji, ku je ofis a soke wayar gidan, a mayar da lambar kan wayar hannu. Ba abin da zai canza."

"Ita ɗin dai? Wanda ya buga zai same ni?"

"Ita ɗin dai, Baba."

Duk wanda ya daɗe a kan tudunmu ya san wa Don Froilan yake jira. 'Yarsa ɗaya ce, Maritza, ƙawata tun firamare. Tana da shekara ashirin da biyu ta bi wani direban babbar mota zuwa arewa, uban yana cewa in ta fita kada ta dawo. Ba ta dawo ba, amma tana bugowa. In mahaifiyarta Doña Edelmira ta ɗauka, su sha hira. In shi ya ɗauka ya ji muryarta, ko uffan ba ya cewa, ya kife. Da ciwo ya kwantar da Doña Edelmira, shi kaɗai ke ɗaukar waya. Wata huɗu Maritza tana bugowa yana kifewa. Aka binne uwar ba ta sani ba, sai bayan sati biyar ta ji a bakin wata 'yar kasuwa. Ta bugo sau ɗaya, ta ce masa abin da ya rage masa a duniya shi ne ya mutu bai sake jin muryarta ba. Shekara goma sha tara ke nan.

Abin da mutanen tudu ba su sani ba, har da mijina, shi ne shekara shida da suka wuce Maritza ta lalubo ni a intanet. Tana garin Antofagasta can arewa, tana dafa abinci a wani sansanin masu haƙar ma'adinai, direban ya daɗe da kama gabansa, 'ya'yanta biyu sun girma. Kafin ta ba ni lambarta sai da ta sa na rantse da kabarin mahaifiyata ba zan gaya masa ba. Na rantse. A lokacin gani nake abu ne mai sauƙi.

Ranar Litinin na raka shi ofishin kamfani. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, muka sauko matakalar unguwa yana hutawa duk bayan taku ashirin. Yarinyar da ke teburin ta ce ya sa hannu a takardar soke layi, ya janye biro ya ce sai ta fara rubuta masa lambar da hannunta ya gani. Ta rubuta. Ya karanta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har mutanen da ke layi suna murmushi. Sannan ya sa hannu.

Wayar da aka ba shi irin mai shafawar nan ce. Kwana uku ina shiga da yamma lokacin shayi da burodi ina koya masa. In buga daga wayata, tasa ta yi ƙara, in ce, "Ga koren nan, ja shi gefe." Sai ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo. Fatar yatsansa ta yi kanta, gilashin ba ya ma jin ta.

"Wane shaiɗanin ne ya ƙera wannan? Waccan tsohuwar ɗagawa kawai kake yi."

"A hankali, Don Froilan. Kamar kana shafa kan jariri."

"Rabona da shafa kan jariri," in ji shi, bai ƙarasa ba.

Ya koya, amma sau ɗaya a cikin uku yake dacewa. Ya ɗinka mata 'yar jaka da tsohuwar safa ya rataya a wuya. Masu bugowa ba su wuce masu talla ba, da wata mata da ke neman kantin magani da aka rufe tun tuni. Kowa ya bugo sai ya tsare shi da hira.

Wata Laraba da hantsi, cikin watan Yuni, ana tsuga ruwa, na ji ana dukan ƙofata kamar za a ɓalla. Shi ne, ba lema, ba riga mai kauri, ya miƙo min wayar.

"Ta yi ƙara, Nelida. Ta daɗe tana yi. Na ja, na ja, ta ƙi. Duba min wane ne."

Na duba. Ba lamba, an ɓoye.

"Ƙila masu talla ne," na ce.

"Masu talla ba sa daɗewa haka. Yau goma sha ɗaya ga wata. Ranar da Edelmira ta rasu."

Na zaunar da shi kusa da murhu, na ba shi tawul. Da ya tafi na rubuta wa Maritza: ke ce kika buga gida? Na ga alamar ta karanta. Ba ta amsa ba, ba ta kuma taɓa amsa wannan tambayar ba har yau.

Jiƙewar ranar ce ta zauna masa a ƙirji. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo. Osvaldo da wasu maza biyu suka ɗauke shi a kujera suka sauko da shi har inda mota ke iya zuwa. Kwana tara ya yi a asibiti, suka sallame shi da jakar magani da wata magana da likita ya gaya min a baranda, cewa zuciyar ta gaji, a bar shi ya huta a gida.

Na koma ni ce mai jinya, tunda ba wani. Ina kai masa romon kaza da dankali, ya sha cokali uku ya kau da kai. Wayar tana kan ƙirjinsa, ko wanka za a yi masa sai an ajiye ta inda idonsa zai kai. Da rana sai ya ce, "Duba min ko da caji." In duba in ce da akwai. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya.

Na rubuta wa Maritza ba ɓoye-ɓoye. Na ce mahaifinki yana gargara, in za ki buga, yanzu ne. Sai washegari ta turo saƙon murya, ana jin ƙarar tukwane a bayanta.

"Nelida, wata huɗu ina tsayawa a rumfar waya a bakin titi, da cikin 'yata Camila, ina jin numfashinsa kafin ya kife. Uwata tana ɗaki na gaba tana mutuwa. Ke kina nan, kin san komai. Kada ki roƙe ni."

Na saurara sau biyu a bayan gida don kada Osvaldo ya ji. Ban ga laifinta ba. Amma ni ce mai shiga ɗakinsa sau huɗu a rana.

Ran Asabar da yamma ina gyara masa filo, rana ta ɗan fito, ana hango jirage a tashar ta tagarsa. Ya kama tsintsiyar hannuna.

"Ke ƙawarta ce. Faɗa min gaskiya, 'yar nan. A ganinki tana raye?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Shekara shida ina faɗin haka ba tare da ƙifta ido ba. Ban san abin da ya hau kaina ba a ranar.

"Tana raye, Don Froilan. Lafiyarta ƙalau. Kana da jikoki biyu."

Bai tambaye ni yadda na sani ba, bai tambayi garin da take ba. Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa, har na ɗauka na yi abin kirki.

"Tana da lambar?"

"Tana da ita."

"Ba ta manta ba?"

"A'a."

Ya saki hannuna. Ya juya kansa wajen bango a hankali.

"Ashe ba laifin igiya ba ne," in ji shi.

Na tsaya da filo a hannu. Na so in ce tana tunaninsa, in ce ƙila gobe ta bugo, amma na riga na fara faɗin gaskiya, ƙaryar ta ƙi fitowa. Can ya zare jakar safar daga wuyansa, ya miƙo min ba tare da ya juyo ba.

"Ajiye a wurinki. Nauyi take min."

Bai sake tambayar caji ba. Lahadi Fadan coci ya zo ya yi masa addu'a, sun daɗe su biyu ƙofa a rufe. Litinin da safe na shiga da ruwan zafi na tarar ya cika, fuskarsa tana kallon bango, ya ja bargo har haɓa.

Mu goma sha huɗu ne a jana'izar, yawanci tsofaffin abokan aikinsa na tasha. Aka sa shi kusa da matarsa. A hanyar dawowa na gaya wa Osvaldo komai, tun daga rantsuwar har maganar Asabar. Sai da muka yi tafiya mai nisa, sannan ya ce, "Da kin bar shi da jiransa." Da muka fara hawan matakala ya ƙara da cewa, "Ko kuwa a'a. Ni ma ban sani ba."

Na rubuta wa Maritza cewa an binne shi, na kuma gaya mata na karya alkawari. Na yi zaton za ta zage ni ko ta toshe ni. Kwana huɗu shiru. Ran Juma'a da azahar ina yanka kabewa saƙonta ya shigo.

"Lambar tana aiki har yanzu?"

Na ce tana aiki, wayar tana wurina.

"Zan buga. Don Allah kada ki ɗauka."

Na wanke hannu, na ɗauko wayar daga aljihun kabad, na zare ta daga safar na ɗora a kan teburin kicin. Na zauna. Ba a jima ba ta haska, ga sunan garin da take a ƙasan lambar. Tana ƙara tana rawa, tana matsawa kaɗan-kaɗan a kan ledar tebur. Ta yi har ta katse don kanta. Na miƙe zan koma kan kabewata, ta sake farawa. Da na ga ta kai bakin tebur, sai na sa tafin hannuna a gefenta don kada ta faɗi, na bar ta tana yi.