Gishirin Fitilar Inna Rahila

"Cokali biyu, Suwaiba, ba ɗaya ba. Rowar gishiri kike yi mata, shi ya sa take lumshe ido."

Inna Rahila ce ke faɗa mini haka daga kan gadonta, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. Na ƙara cokali na biyu a ruwan, na motsa da tsinke, na ɗura a cikin fitilar, na mayar da murfi. Jim kaɗan haske ya taso, fari mai sanyi, ya nuna mini fuskarta da bangon da ke bayanta. A waje kuwa hantsi ya riga ya ɗaga.

Ɗakin nata ba ɗakin kwana ba ne. Sito ne na hatsi, ba taga, ƙofarsa tana kallon katangar gidanmu, tsakaninsu ɗan lungun da bai fi taku biyu ba. Ko da tsakar rana sai da lalube. Nan ta samu ta raɓa shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, can bayan Damari. Mijinta a gona suka harbe shi. Ta shigo Sabuwa da tabarma da tukunya ɗaya. 'Yarta guda, Alheri, tana aikin shara a wani asibiti a Funtuwa, ta yi juyin duniya uwar ta koma wurinta, ta ƙi. Cewa take a Sabuwa dai ko labarin gonarta za ta riƙa ji.

Ita Kirista ce, mu Musulmi, amma ita ta karɓi haihuwar 'yata Ummu Salma ranar da ake harbi a bakin gari, ba mai iya fita. Ungozoma ce tun tana da ƙuruciya. Daga ranar maigidana, Gide, ya ce in na sauke tuwo in fara zuba nata.

Tari ne ya kwantar da ita. Shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin aci-bal-bal a ɗakunan masu naƙuda, ga na murhu. Malamin asibiti ya ce ko fitilar ƙwai kada a ƙara kunna mata, hayaƙin kananzir zai ƙarasa ƙirjin. Gide ya kawo tocila, amma batiran yanzu kwana uku sun yi sanyi, wani ma ya tsiyaye ya ɓata tocilar. Alheri ta aiko da 'yar sola mai haske kamar rana. Ita kuma sai an shanya ta, ga damina, hadari ya wuni a sama. Ranar da rana ta fito sosai na ɗora ta a kan katanga, na shiga wanka, na fito ba ta.

Sai Alheri ta zo da wannan, 'yar roba kamar gwangwanin madara babba. Matan unguwa suka cika lungun suna kallon fitilar da ke shan ruwan gishiri. Gide ya buɗe ta, ya zaro wani farin ƙarfe mai faɗi daga ciki, ya jujjuya.

"Wanga shi ne abincinta," in ji shi. "Gishirin ci nai yake a hankali, kamar gara da itace. Ran da ya ƙare, fitila ta ƙare."

"Ga biyu nan na ajiya, Baban Ummu," in ji Alheri. "Kafin su ƙare na kawo wasu."

Haskenta bai kai na solar ba. In za ka zura zare a allura sai ka kai ta dab da ita. Amma ba hayaƙi, ba zafi, ba tsoron gobara, kuma ba ruwanta da rana. Inna ta so ta ƙwarai. Ta ce tun da suka kwana uku a ɓoye cikin kwazazzabo lokacin da aka tashi ƙauyensu, in ta buɗe ido ta ga duhu sai ta ji kamar an danne mata ƙirji.

Wajen ƙarshen damina aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawan babur, duk don a matse mutanen daji. Mu ma muka matsu. Alheri ba ta jinmu, ba ma jinta. Hanya kuma kullum sai an ce an tare. Ƙarfe na biyu ya cinye, muka sa na ƙarshe. Gishiri ya yi wuya a shaguna. Na koma raba namu biyu, miyar gida ta zama lami. Gide kuwa sai dai ya ƙara yaji.

Ranar wata Talata na shiga da kunu na tarar ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya yi duhu. Ta kurɓa sau biyu ta kau da kai.

"Ina son in ga ɗiyata," ta ce.

Gide ya ji. Bai yi shawara da kowa ba, washegari da sassafe ya shiga motar masu masara zuwa Funtuwa. Na tsaya a ƙofar gida har ƙarar motar ta ɓace.

Na koma wurin Inna. Na wanke fitilar, na karkaɗe sauran gishirin da ke ƙasan leda, cokali biyu cif, na haɗa sabon ruwa. Ƙarfen ya zama siriri, duk ramuka, amma ta kama tas. Rabon da ta yi haske irin haka an kwana biyu. Na ajiye ta a kan kujera kusa da kanta.

"Suwaiba."

"Na'am, Inna."

"Kunna mani fitilar mana. Me kike jira?"

Na dubi fitilar. Na dubi idanunta, a buɗe suke, hasken yana cikinsu. Na ɗaga hannuna na gitta ta gaban fuskarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ko ƙarfen ne ya ƙare?" ta ce. Hannunta yana laluben bango.

"Bai ƙare ba, Inna. Gishirin ne na rage. Bari in ƙara."

Na ɗauki cokali na buga a jikin kofin da ba komai, na motsa don ta ji ƙara. Hawaye suna zuba mini, na danne murya.

"Sai ta ɗan jiƙa tukuna," na ce. "Kin san halinta."

"Na san halinta," ta ce. Ta miƙo hannu, na kama. "Ke dai ba ki iya ƙarya ba, yarinya. Zauna nan. In kina riƙe da ni ba ni jin tsoro."

Na zauna. Na ji kiran azahar, na kasa tashi. Ummu Salma ta yi kuka a gida har ta gaji, maƙwabciya ta goya ta.

Bayan la'asar na ji takun gudu a lungu. Alheri ce, zanenta duk laka, Gide a bayanta. Motarsu ta kafe, sun ƙarasa da ƙafa. Tana shigowa ta zazzage jaka: sababbin ƙarafa huɗu a takarda, gishiri leda biyu, da sabuwar sola. Ta danna solar, ɗakin ya haske har ana ganin yanar gizo a kusurwa.

"Mama, ga ni. Dube ni, Mama."

"Ba ta gani," na ce a hankali. "Tun hantsi."

Alheri ta durƙusa. Inna ta saki hannuna, ta lalubo fuskar 'yarta, ta shafa goshi, ta shafa kumatu, ta sauko haɓa.

"Kin rame," ta ce. "Ba su ba ki abinci can?"

"Ina ci, Mama."

"Ki riƙa ci."

Ba ta ƙara magana ba. Alheri tana yi mata addu'a irin tasu, ni ina tawa a zuci, numfashin yana ta nisa da juna, har wanda muke jira bai zo ba. Gide, daga bakin ƙofa, ya cire hularsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Washegari faston cocinsu ya zo da mutum bakwai. Gide da maza uku na unguwarmu suka taya haƙa. Ba a kai ta ƙauyensu kusa da mijinta ba, ba mai iya shiga can.

Da muka dawo, na taya Alheri haɗa kayan. Ba su cika buhu ɗaya ba. A ƙarƙashin matashi ta tsinci matajin katako, haƙora biyu sun karye. Ta fita da shi ta zauna a dokin ƙofa, tana zare furfurar da ta maƙale a jiki, sili ɗaya-ɗaya, ta murza ta a tafin hannu har ta dunƙule. Ta duba hagu, ta duba dama, ba ta ga inda za ta ajiye ba. Sai ta rufe hannunta a kai, ta ci gaba da zama. An fara yayyafi.