Motar Masu Rai

Shin mota tana gadon laifin waɗanda suka ƙera ta? Har yau Mamane bai samu amsa ba.

A 1993 ya sayi tsohuwar motar asibiti ta sojan Faransa a gwanjon Lyon, ya tuƙo ta zuwa Paris, wuni guda tana nishi a hanya. Ƙauyensu ya saya wa ita, can bayan Damagaram, inda a amalanke ake kai mai naƙuda asibiti. Amma 'yan duwan, wato kwastan, suka ce kayan yaƙi ce, ba ta fita sai da takarda.

Da wani dattijo ya rasu a unguwarsu ta La Courneuve, a gefen Paris, limaminsu Malam Youssouf ya zo aron motar don a ɗauki gawar.

"Gafarta Malam, don masu rai na saye ta," in ji Mamane. "Ba ta ɗaukar gawa."

Shekara uku tana gindin bene, tayoyinta na sacewa, takarda shiru. Sai saƙon kaset ya iso daga gida: ƙanwarsa Hamida ta cika a kan amalanke, da cikinta.

Ranar da liman ya dawo da labarin wata rasuwar, bai gama gaisuwa ba Mamane ya ɗauko makulli da famfon taya.

"Ina gawar take, Malam? Ni zan tuƙa."